Babi na Bakwai: Ƙullutu, Gyambo da Baƙin Tabo a Tafin Ƙafa

Idan ciwon hanta ne ko na ƙoda, mutum kan yarda abin ya fi ƙarfin saninsa, ya nemi wanda ya karanta. Ciwon fata kuwa kowa malaminsa ne. Ka ɗaga hannun riga a majalisa ka nuna ƙurji, kafin ka sauke an ba ka suna uku da magani biyar. Wannan ya ce zafi ne, wancan ya ce sanyi ne, na gefe ya ce ƙanensa ma ya yi irinsa, man kaza ya shafa kwana uku ya baje. Mun raina ciwon fata ne saboda a fili yake, ido na ganinsa, hannu na kai gare shi. Kuma gaskiya ne, mafi yawan abin da ke fitowa a fata ba ya kisa. Sai dai wannan gaskiyar ce take rufa wa ɗan kaɗan ɗin da ke kisa asiri, har ya shekara biyar a jikin mutum ana ta shafa masa mai.

Sai an san 'yan gida ake gane baƙo, don haka mu fara da na yau da kullum. Ƙazwa aikin wata mitsitsiyar halitta ce da ido ba ya kama ta sosai. Macenta ke haƙa rami a saman fata ta zuba ƙwai, jiki kuma ya mayar da martani da ƙaiƙayin da ke tsananta da dare, a tsakanin yatsu, wuyan hannu, hammata, cibiya da gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kowane lokaci mutum miliyan 200 ko fiye ne ke ɗauke da ita, kuma a 2017 ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Ana yawan jingina ta ga ƙazanta, alhali cunkoso ne babban abokinta. Inda duk mutane ke kwana jiki da jiki kan tabarma ɗaya, tsangaya ce ko makarantar kwana, gidan yari ko sansanin 'yan gudun hijira, nan take yaɗo. Maganinta ba tsada, benzil benzowet ko man farar wuta, amma sharaɗinsa ne mutane ke karyawa: a shafe jiki daga wuya har yatsun ƙafa, kowa da kowa a gidan, rana ɗaya, har wanda bai fara susa ba, a wanke tufafi da zannuwan gado a shanya su a rana. Ƙaiƙayin na iya ci gaba har mako huɗu bayan an kashe ta, wannan ba alamar magani ya ƙi ci ba ne. Abin da ya fi ban tsoro a ƙazwa shi ne susar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwayoyin cuta kan bi ta inda farce ya yaga, ƙurajen su yi mugunya, a wasu yara har abin ya taɓa ƙoda. Yaron da ya yi ƙazwa mai ruwa, bayan 'yan makonni fuskarsa ta kumbura fitsarinsa ya yi duhu, asibiti ya kamata ya kwana.

Makero, wanda ke cin gashin kan yara ya bar fili mai fari-fari, fangas ne, kuma kilifar mai aski da matajin da ake rabawa suna cikin masu kai shi gida-gida. Man shafawa kaɗai ba ya warkar da na ka, domin cutar tana can cikin saiwar gashi inda mai ba ya isa. Sai an sha ƙwaya, irin su girisiyofulbin, mako shida zuwa takwas. Kyasbi shi ma fangas ne, amma wanda ke zaune a fatar kowa. Zafi da gumi da maiƙo ne ke sa ya yi yawa ya fito a ƙirji da baya da wuya. Ko an kashe shi, launin wurin kan ɗauki watanni kafin ya koma daidai. Abu ɗaya za a kiyaye a nan: farin tabo ko mai ja-ja wanda ba ya ƙaiƙayi, ba ya gumi, in an sa mutum ya rufe ido an shafa masa auduga a wurin bai ji ba, wannan a binciki kuturta. Tun 1995 kyauta ake ba da maganinta, ana sha wata shida ko goma sha biyu, kuma wanda ya fara da wuri ba ya rasa ko yatsa ɗaya. Cibiyar Saye da ke Zariya ta daɗe tana horar da ma'aikata kan wannan aiki.

Duk waɗannan da sun zo wa likita da sauƙin ganewa in ba don man nan mai haɗi uku da ake sayarwa a kowane kemis ba, wanda ke ɗauke da maganin fangas, da na ƙwayoyin cuta, da sitiroyid mai ƙarfi. Sitiroyid ɗin ne ke kwantar da ƙaiƙayi da ja cikin kwana biyu, mai shafawa ya ce ya samu lafiya. Amma garkuwar fata ya danne, makero ya ci gaba da faɗaɗa a ƙarƙashi, kamanninsa sun sauya har ƙwararre ya yi ta kallo bai gane shi ba. Wasu matan kuma sun gano yana haska fata, suka mayar da shi man yau da kullum, har da jarirai ake shafa wa. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya na amfani da mayukan hasken fata, a 2023 kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Nijeriya, NAFDAC, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Sakamakon a bayyane yake: fata ta yi siriri jijiyoyi su fito, nankarwa mai faɗi ta keta cinya da damtse, rauni ya ƙi haɗewa, kumatu su yi baƙin da ba ya fita. Waɗanda ke da sinadarin makuri a ciki har ƙoda suke lalatawa.

Sai ƙullutu. Kusan kowane gida akwai mai shi, a ƙeya, a baya, ko a bayan kunne. Wanda aka fi gani wata 'yar jaka ce a ƙarƙashin fata, bangonta irin fatar waje ne da ya juya ciki. Fatar waje kullum tana zubar da matattun ƙwayoyinta a wanka da goga tufafi. Ita wannan ba ta da inda za ta zubar, sai ta tara a cikinta. In ka taɓa za ka ji shi zagaye, sumul, yana ɗan motsi ƙarƙashin yatsa, sau da yawa da ɗan baƙin ɗigo a tsakiyarsa. In aka matse, wani farin abu mai kauri da wari ke fitowa, kamar cukun da ya lalace. Mutane kan ɗauka mugunya ce, alhali tarin matacciyar fata ce. Nan ne wanzami ke shigowa. Ya tsaga, ya matse, wurin ya lafa, kowa ya yaba. Bayan wata shida ya dawo, domin jakar tana nan, kuma muddin tana nan za ta sake cika. Kowace tsaga kuma tana manne jakar da naman da ke kewaye, ta mayar da aikin minti ashirin ya zama mai wuya. A asibiti allurar kashe zafi ake yi a wurin, a fitar da jakar ɗungurungum, a yi ɗinki biyu ko uku, mutum ya tafi gida da ƙafarsa. In ya riga ya yi ja ya kumbura yana zogi, sai a fara fitar da ruwan, a jira ya huce, sannan a cire jakar. Wanda kuma ba ya damun mai shi, ba ya girma, ba laifi a ƙyale shi.

Akwai ƙullutun kitse, lifoma, mai laushi, wanda ke zillewa in an danna, ya yi shekaru bai canja ba. Akwai na wuyan hannu mai ruwa mai yauƙi daga gaɓa, wanda wani lokaci da kansa yake ɓacewa. Akwai ƙananan baƙaƙen tsiro da ke fitowa a kumatu da gefen ido yayin da shekaru ke ja, irin na fuskar ɗan fim ɗin Amurka Morgan Freeman. Gado ne, ba cuta ba. Duk waɗannan lafiya lau. Wanda ba a yi wa shiru shi ne ƙullutun da ya wuce santimita 5, ko yake girma wata bayan wata, ko yake da tauri ya kafe ba ya motsi, ko yake can cikin tsoka, ko ya dawo bayan likita ya cire shi.

Keloyid kuwa, tabon nan mai tudu da sheƙi da ke tashi bayan hujin kunne, ko a ƙirji, ko inda aka yi tsaga, ya fi kama baƙar fata. Ba ciwon daji ba ne, ba ya zama daji, amma aska ce abincinsa. Rauni ne ya haife shi, don haka in an yanke shi kawai aka bari, yawanci wanda ya fi shi girma ne ke maye gurbinsa. Likitoci kan yi masa allurar sitiroyid a cikinsa wata-wata, in ma za a yanke sai an haɗa da allurar ko wani matakin. Duk wanda ya san jikinsa na yin irin wannan tabo, ya yi nesa da ƙarin huji da ƙaho da tsaga.

Yanzu ga maganar da ta sa aka rubuta wannan babi. Za ka ji mai ilimi ma yana cewa dajin fata ciwon Turawa ne. Yana da hujja. Sinadarin melanin da ya ba mu launinmu yana tare kaso mai yawa na hasken rana mai ƙona ƙwayoyin fata, shi ya sa Ostireliya da Niyu Zilan, inda fararen fata ke zaune ƙarƙashin rana mai zafi, suka fi ko'ina yawan nau'in dajin fatar da ake kira melanoma. A Amurka farar fata ya fi baƙar fata yiwuwar kamuwa da ita fiye da sau 20. Amma a ƙasar dai, cikin fararen da suka kamu sama da 90 cikin 100 ne ke kai shekara biyar a raye, cikin baƙaƙe kuwa wajen 70. Babban dalilin shi ne ba a gano tasu da wuri, domin daga mai ciwon har likitan ba wanda ya sa ran ganinta, kuma ba a inda littattafan Turai suka ce a duba take fitowa ba.

Tamu melanomar tafin ƙafa take so, da tafin hannu, da ƙarƙashin farce, wuraren da rana ba ta da hannu a ciki. Takan fara da baƙin tabo shimfiɗaɗɗe, ba zafi ba ƙaiƙayi, gefensa ba daidai ba, launinsa wani wuri baƙi ƙirin wani wuri ruwan ƙasa. Manomi ya gani ya ce ƙaya ce ta taɓa soke shi a nan. Wata da watanni tabon na faɗi, sannan ya yi tudu, ya fashe, ya fara jini a takalmi. Daga nan sai fassara ta sauya, a ce ya taka wani abu ne, an yi masa jifa. A yi turare, a yi jiƙo, a yi sakiya. Ranar da za a kai shi asibiti kaluluwa ta riga ta fito a matsematsinsa, alamar cutar ta bar ƙafa ta kama hanya.

Haka ta yi wa Bob Marley, mawaƙin Jamaika. A 1977 aka ga ciwo a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa, aka fara ɗauka raunin ƙwallo ne, kasancewarsa mai son tamaula. Gwaji ya nuna melanoma. Likitoci suka ba da shawarar yanke yatsan, ya ƙi, aka cire farcen da naman ƙarƙashinsa kawai. Ya ci gaba da zagaya duniya yana waƙa har watan Satumba na 1980, lokacin da ya yanke jiki ya faɗi yana motsa jiki a New York. Cutar ta riga ta kai huhu da hanta da ƙwaƙwalwa. Ya yi jinya a Jamus, ya mutu a Miyami ranar 11 ga Mayu 1981 yana da shekara 36. Kuɗi bai rasa ba, likitoci bai rasa ba.

Abin da ke yanke hukunci a melanoma shi ne zurfinta a ranar da aka cire ta. Wani likitan Amurka, Alexander Breslow, ya nuna haka a 1970, kuma har yau da ma'auninsa ake aiki. Wadda ba ta kai milimita 1 a kauri ba, yanka kaɗai kan wadatar, kuma fiye da 90 cikin 100 na masu ita suna tsira. Wadda ta yi nisa cikin jiki kuwa, magungunan zamani da ke iya riƙe ta kuɗinsu ya fi ƙarfin kusan kowa a ƙasashenmu. A 2020 an ƙiyasta mutum 325,000 ne suka kamu da melanoma a duniya, 57,000 suka mutu.

Kada wannan ya sa kowa ya firgita da farcensa. Baƙin layi a tsayen farce abu ne da ya zama ruwan dare ga baƙar fata, musamman in a farata da yawa ne kuma ya daɗe yadda yake. Tawadar Allah da aka haifi mutum da ita, ba ta canja ba, ita ma ba abin damuwa ba ce. Abin dubawa shi ne layi a farce ɗaya tak, sabo, a jikin babba, yana faɗi, ko baƙin ya tsallako kan fatar gindin farcen, ko farcen ya fara tsagewa. Mata masu ƙunshi su riƙa duba tafin ƙafa da farata a tsakanin lalle da lalle, kafin a sake rufe su. Mai alwala kuma sau biyar yake riƙe ƙafarsa a yini. Ɗaga ta a kalli ƙasanta da tsakanin yatsu sau ɗaya a wata ba wani aiki ba ne.

Wanda ya fi melanoma yawa a asibitocinmu shi ne dajin da ake kira sikwamas, kuma a baƙar fata ƙofarsa tsohon rauni ne. A 1828 wani likitan fiɗa a birnin Faris, Jean-Nicolas Marjolin, ya bayyana irin gyambon da ke tasowa a cikin tsohon tabo, har yau da sunansa ake kiransa. Labarin kusan iri ɗaya ne kullum. Yaro ya faɗa murhu yana rarrafe, ko mai farfaɗiya ta faɗi a wuta tana girki. Ƙunar ta yi zurfi, aka yi jinya a gida, ta warke da ƙyar ta bar tabo mai tauri a gwiwa ko ƙwauri ko fatar kai. Tabon ya riƙa tsagewa yana warkewa, shekara ashirin, shekara talatin. Wata rana ya tsage bai sake rufewa ba. Bakin gyambon ya yi kauri ya juyo waje, tsakiyarsa ta yi tsiro, yana wari, ɗan taɓawa kaɗan sai jini. Mai shi ya saba da ciwon tun yana yaro, don haka shi ne na ƙarshe da zai yi zargin wani abu. Tsohon gyambon ƙwauri da ƙashin da ya daɗe yana zubar da mugunya su ma suna iya juyawa haka. Ba kowane gyambo mai naci ne daji ba. Ciwon suga da sikila da matsalar jijiyoyin jini duk suna hana rauni warkewa. Amma ido ba ya raba su, sai gwaji. Da za a riƙa yi wa ƙuna mai zurfi dashen fata tun farko, da yawancin waɗannan ba su taso ba.

Akwai kuma dajin Kaposi, baƙaƙen tabo ko tsiro masu ɗan shuɗi-shuɗi a ƙafafu ko a dasashi da ganɗa, sau da yawa tare da kumburin ƙafa. Yakan bi raunin garkuwar jiki, don haka duk wanda aka gan shi da shi a yi masa gwajin ƙanjamau. Maganin ƙanjamau kansa yakan sa ya ja baya.

Waɗanda rana ke yi wa kisan mummuƙe a cikinmu su ne zabaya. Zabiya ba shi da melanin ɗin da ke kare sauranmu, ga shi an haife shi inda rana ta fi ko'ina ƙarfi. Gado ne daga uwa da uba duka. In dukansu suna ɗauke da shi a ɓoye, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Tun yana ɗan shekara goma sha fatar wuya da kunne da leɓe da bayan hannu ke fara kaushi da ɓawo, kuma da yawansu daji na kama su tun suna shekara ashirin da wani abu ko talatin. A ganina babu mutuwar da ta fi wannan sauƙin hanawa. Malfa mai faɗi, riga mai dogon hannu, inuwa daga hantsi zuwa la'asar, man kariya daga rana mai lamba 50 a fuska da wuya da hannu, da zuwa a duba fata a ƙalla sau biyu a shekara, domin a ƙone wuraren kaushin da sanyin naitirojin kafin su juya. Uban da ya tura ɗansa zabiya kiwo ko noma da tsakar rana, ko uwar da ta ɗora wa 'yarta zabiya talla, su san abin da suke saya musu. Irin wannan yaro makaranta ce gatansa, a kujerar gaba saboda raunin ido, da sana'ar da ake yi a inuwa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 13 ga Yuni domin su, tun 2015 ake bikinta, a Nijeriya kuma Jake Epelle ya kafa gidauniyar zabaya a 2006. A Moshi ta Tanzaniya har man kariyar ake haɗa musu a gida a raba. Mu a nan kwalba ɗaya ta fi ƙarfin aljihun yawancin iyaye, kuma ba na jin akwai gwamnatin jihar da sayen shi zai karya.

Saura magana ɗaya, wadda ta fi duk sauran cin rayuka: wai daji ba ya son ƙarfe, in an yi masa allura ko an sa masa wuƙa sai ya fusata ya bazu. Na fahimci inda ta samo asali. Mutane sun ga an kai mara lafiya asibiti bayan shekara uku ana jiƙo, aka yi masa aiki, bayan wata biyu ya rasu, sai aka ɗora wa wuƙa laifin da jinkiri ya yi. Sun kuma ga wanzami ya yanki rabin tsiro ya bar rabi, abin ya dawo ya fi da. Amma dajin fata na cikin cututtukan da wuƙar likita ke warkarwa ƙurmus, in an cire shi duka da ɗan lafiyayyen nama a kewaye tun yana wuri ɗaya. Gutsurar ɗan nama domin gwaji ba ta yaɗa shi. Ita ce ma hanya ɗaya tak ta sanin me ake fama da shi, kuma ana yinta a asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato, Maiduguri da Jos, da manyan asibitocin Yamai.

Don haka duk abin da aka yanka daga jikinka, ko a ƙaramin asibiti ne, ko likita ya ce yana ganin ba komai ba ne, ka nemi a sa shi a kwalbar ruwan gwaji a aika, kuma ka koma ka karɓi sakamakon. Da yawa sukan biya kuɗin su bar takardar a can. In kuma akwai dattijo a gidanku mai gyambon da ya haura wata guda ana wankewa bai rufe ba, ko tsohon tabon ƙuna da ya buɗe, ko baƙin tabo a tafin ƙafa da ya fi na bara faɗi, kada ka jira ya yi ƙorafi, domin sau da yawa ba ya zafi, kuma ba zai yi ƙorafin ba. Ka kai shi cikin makon nan, ka ce da likita kana so a gutsura a gwada.